Yadda Ake Karanta Zanen Iyakokin Baƙaƙen Ramukan Farko

Ranar da na fara ganin zanen nan na neman baƙaƙen ramukan da ake zaton sun samu a farkon sararin samaniya, a kife na karanta shi. Mai lacca ya haska shi a allo: fili mai kusurwa huɗu, launuka na saukowa daga sama kamar labule, ja nan, shuɗi can, kore a gefe, sai wani wuri guda wajen hagu da aka bari fari fat daga ƙasa har sama. Na ce a raina, to, inda aka shafa launi nan aka gano baƙaƙen ramukan, wato abubuwan da nauyinsu ya matsu har haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsu, farin wurin kuwa babu komai. Har na ɗaga hannu na yi tambaya a kan wannan fahimta. Mutumin ya yi murmushi ya ce akasin haka ne. Launi na nufin an duba, ba sa nan, ko kuma ba su kai yawan da ake nema ba. Farin wuri na nufin har yanzu ba wanda ya iya dubawa. Na sha kunya, amma tun daga ranar na sa wa zanen ido, kuma abin da na koya a kansa zan shimfiɗa maka, yadda in ka ci karo da shi a wata maƙala za ka iya tsare shi da tambayoyi da kanka.

Ga asalin maganar a gurguje. A 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa galaksi, wato garken taurari, da ke cikin tarin Koma suna gudun da nauyin da ake gani ba zai iya riƙe su ba. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka ga irin haka a taurarin da ke bakin galaksi: suna kewayawa da saurin da ya kamata a ce tuni sun fice. Akwai abin da ke jan su, ba ya haske, ba ya tare haske. Shi nake kira ɓoyayyen nauyi. Awon tauraron ɗan adam na Planck ya nuna shi ne kimanin kashi 27 cikin 100 na abin da ke sararin samaniya, duk abin da aka gina da atom kuwa kashi 5 ne kacal.

Baƙin ramin da ya samu daga mutuwar tauraro ba zai cike wannan gurbi ba, domin da atom aka gina tauraron, atom ɗin kuma an riga an ƙirga su cikin kashi 5 ɗin nan, ta hanyar yawan sinadaran hiliyom da diyuteriyom da suka haɗu a mintunan farko bayan Babbar Fashewa, wato farawar sararin samaniya. Amma ramin da ya samu kafin wannan, cikin daƙiƙar farko, inda wani yanki ya fi maƙwabtansa cunkoso har ya rufta a kan kansa, ba ya cikin ƙirgen. Yakov Zel'dovich da Igor Novikov ne suka fara kawo maganar a 1966, Stephen Hawking ya faɗaɗa ta a 1971, shi da ɗalibinsa Bernard Carr suka ƙara a 1974, George Chapline kuma ya ce a 1975 ƙila su ne ɓoyayyen nauyin. Har yau ba a tabbatar da ganin ko ɗaya ba. Zanen da muke magana rajista ce ta wuraren da aka nema aka rasa.

Fara da gefuna, ka bar launuka tukuna

Layin kwance nauyin rami guda ne. Kada ka ɗauke shi kamar ma'aunin tela, inda kowane taki daidai yake da na baya. A nan kowane taki ninki goma ne, wani lokaci ma ninki dubu. Daga hagu zuwa dama ana tafiya ne daga giram 10¹⁵, wato 1 da sifili 15, har a wuce nauyin rana sau dubbai. Wasu marubuta da giram suke awo, wasu da nauyin rana, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɓatar da mutum in yana gwada zane biyu. Ni dabarata ita ce in buga zanen a takarda, in ɗauki fensir in kafa tutoci a ƙarƙashin layin. Giram 10¹⁵ tan biliyan ɗaya ne, nauyin ruwan da zai cika akwatin da kowane gefensa ya kai kilomita ɗaya. Wata yana wajen 7×10²⁵. Duniyarmu 6×10²⁷. Rana 2×10³³. Da zarar ka kafa waɗannan huɗun, zanen ya daina zama lambobi tsura.

Layin nan kuma agogo ne, ko da ba a rubuta ba. Ramin da zai samu a wani lokaci ba zai wuce nauyin yankin da haske ya iya ratsawa zuwa lokacin ba. Saboda haka mai giram 10¹⁵ ya samu ne wajen daƙiƙa 10⁻²³, wato kashi ɗaya cikin 10²³ na daƙiƙa, bayan farawa, mai nauyin rana wajen kashi ɗaya cikin dubu ɗari na daƙiƙa, wanda ya samu a cikar daƙiƙa ɗaya kuwa zai kai nauyin rana dubu ɗari. Hagu sassafe ne, dama hantsi.

Layin tsaye shi ake yi wa alama da harafin f: kason ɓoyayyen nauyin da ramukan suka ɗauka. Can ƙololuwa f ɗaya ne, wato su ne duka. Taki ɗaya ƙasa kashi 10 cikin 100, na gaba kashi 1, na gaba ɗaya cikin dubu. Labulen launi da ya sauko ya tsaya a 0.01 yana cewa ramuka masu wannan nauyi ba za su wuce kashi 1 cikin 100 ba. Bai ce babu su ba.

A nan akwai tarko. Wasu zane-zanen ba f suke sakawa a tsaye ba, harafin beta suke sakawa, kason da ya rufta a lokacin samuwar ramukan. Lambobinsa ƙanana ne ƙwarai, har mutum ya ɗauka an gama da maganar. Dalili shi ne a farko haske ne ke da rinjaye, kuma yayin da sarari ke buɗewa haske ya fi abu mai nauyi saurin tsinkewa. Haka kason ramukan ya yi ta hauhawa har wajen shekara dubu hamsin. Ga masu nauyin rana, in kusan ɗaya cikin biliyan na abin da ke akwai ya rufta a lokacin, ya isa ya zama dukkan ɓoyayyen nauyin yau. Don haka ka duba harafin kafin ka yi mamakin lambar.

Yi ɗan lissafi da hannunka

Wannan mataki mutane ke tsallakewa, alhali shi ke sa sauran su zauna a ka. Lambobi biyu kake buƙata. Na farko: nisan tsakiyar baƙin rami zuwa bakinsa kilomita 3 ne ga kowane nauyin rana ɗaya, kuma yana tafiya kai tsaye da nauyi. In aka matse duniyarmu ta zama rami, milimita 9 za ta koma. Na biyu: a unguwar da rana take, ɓoyayyen nauyi bai wuce kimanin giram 7×10⁻²⁵ a kowane santimita ɗaya na kwance da tsaye da zurfi ba.

Ɗauki rami mai giram 10²⁰, nauyin dutsen sarari mai faɗin kilomita arba'in da wani abu. Girmansa zai fito wajen santimita 1.5×10⁻⁸. Girman atom guda ke nan. Raba nauyinsa da cunkoson da na ba ka, ka sami filin da kowane rami ke da shi shi kaɗai, sannan ka nemi tsawon gefen wannan fili. Za ka sami kusan ninki 35 na tazarar da ke tsakaninmu da rana, ɗan gaba da inda duniyar Naftun ke kewayawa. Ma'ana in su ne ɓoyayyen nauyin, a wannan lokaci da kake karatu akwai biyu ko uku suna ratsa gidan rana da gudun fiye da kilomita 200 a daƙiƙa, kowanne bai fi atom ba, ba ya haske. Ka ce a nemo maka shi. Na taɓa lissafa sau nawa irinsa zai daki duniyarmu, amsar ta fito sau ɗaya a shekara biliyan ɗari da wani abu, kusan ninki goma na shekarun sararin samaniya gaba ɗaya, waɗanda suke biliyan 13.8. Kana iya barci da minshari.

Sake lissafin da mai nauyin rana. Tazara tsakanin ɗaya da ɗaya za ta fito wajen tafiyar haske ta shekara 15. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne jimillar nauyin ba ta canzawa. In ramukan ƙanana ne suna da yawa, in manya ne 'yan kaɗan ne a warwatse. Kowace hanyar nema tana da irin girman da take iya kamawa, kamar taru da girman idonsa, shi ya sa launukan ke jere gefe da gefe.

Hagu: masu ƙonewa

A 1974 Hawking ya nuna cewa baƙin rami na fitar da zafi, kuma ƙarami ya fi babba zafi. Mai nauyin rana sanyinsa ya kusa ƙarshen sanyi, ba abin da za a gani. Mai giram 10¹⁵, wanda girmansa ke wajen na furoton, ƙwayar da ke tsakiyar atom, zafinsa ya kai digiri biliyan ɗari, yana feso haske mai tsananin ƙarfi da ake kira gama, da ƙwayoyin ilaktaron da kishiyarsa fozitaron. Tsawon ransa na tafiya da nauyi sau nauyi sau nauyi: ninka nauyi goma, rai ya ninka dubu. Duk wanda ya fara da ƙasa da wajen giram 5×10¹⁴ ya riga ya ƙone, ba ya cikin zancen ɓoyayyen nauyin yau. Waɗanda suka ɗan fi haka suna nan suna feshi, kuma da suna da yawa da mun ga feshin. Don Page da Hawking suka fara gwada wannan da hasken gama na sarari a 1976.

Iyakar da ta fi burge ni a nan ta fito ne daga Voyager 1, kumbon da aka harba a 1977 ba don wannan aiki ba. Iskar rana na kore ilaktaron marasa ƙarfi, ba sa isowa gare mu. A 2012 kumbon ya fita daga wannan laima ya fara ƙirga su kai tsaye. Mathieu Boudaud da Marco Cirelli suka ɗauki ƙirgen a 2019 suka nuna cewa ramuka ƙasa da giram 10¹⁶ ba za su wuce ɗaya cikin dubu na ɓoyayyen nauyi ba. In ka haɗa da awon tauraron INTEGRAL na hasken da fozitaron ke bayarwa a tsakiyar galaksinmu, labulen hagu na ƙarewa wajen giram 10¹⁷. Tambayar da za ka yi wa wannan ɓangare guda ce: duk ya rataya ne a kan hasashen Hawking, wanda masana suka yarda da shi a lissafi amma ba a taɓa auna shi a wani baƙin rami ba.

Tsakiya: tsaron taurari

Nan ne fili mafi faɗi, kuma a ganina mafi ƙarfi, domin bai dogara da komai ba sai abin da Einstein ya faɗa aka kuma gwada: nauyi na lanƙwasa haske. In wani abu mai nauyi ya gifta tsakaninka da tauraro mai nisa, yana tattaro hasken kamar gilashin ƙara girma. Tauraron zai ƙara haske a hankali, ya kai ƙololuwa, ya koma yadda yake, hawa da sauka iri ɗaya, kuma ba tare da launinsa ya canza ba. Bohdan Paczyński ya ba da shawara a 1986 a tsare miliyoyin taurarin Babban Gajimaren Majalan, ƙaramin galaksi mai nisan tafiyar haske ta shekara 160,000, a ƙirga sau nawa hakan ke faruwa. Tsawon giftawar na nuna nauyi: mai nauyin duniyarmu 'yan sa'o'i, mai nauyin rana wata biyu zuwa uku, mai nauyin rana ɗari shekaru. Daga nan kaɗai za ka gane me ya sa kowane labule ke da baki biyu. Wanda ke ɗaukar hoto sau ɗaya a dare ba zai kama giftawar sa'a biyu ba, wanda ya yi shekara biyar yana kallo kuma ba zai kama ta shekara goma ba.

Tarihin wurin nan na da darasi. A 2000 ƙungiyar MACHO, mai aiki daga Ostireliya, ta ba da rahoton giftawa 13 zuwa 17, ta ce ƙila kashi 20 cikin 100 na ɓoyayyen nauyin galaksinmu abubuwa ne masu rabin nauyin rana. Ta leƙo ta koma. Madubin Hubble ya hango abin da ya haddasa ɗaya daga cikinsu, ashe ɗan ƙaramin jan tauraro ne na galaksinmu. Ƙungiyar EROS ta Faransa ta fito a 2007 da iyakar da ta gaza kashi 8. Ganin giftawa daban, sanin wa ya gifta daban.

Ga dabarar da za ta sa ka iya binciken labulen da kanka. Ana lissafa giftawa nawa ya kamata a gani in f ɗaya ne. In ba a ga ko ɗaya da za a jingina wa ramukan ba, sai a raba 3 da wannan adadi, abin da ya fito shi ne iyakar. Me ya sa 3? Domin in abin da ake sa rai ya kai uku, yiwuwar a tashi hannu rabbana kashi 5 ne cikin 100, kuma nan masana suka saba ja layi. Gwada da aikin OGLE na Jami'ar Waso a Folan, wanda madubinsa mai mita 1.3 ke Las Campanas a Cile. A 2024 Przemek Mróz da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon kallon taurari kusan miliyan 79 na wajen shekara ashirin. Giftawa 13 suka samu, duk gajeru, duk kuma taurari na yau da kullum sun isa su bayyana su. Da ramuka masu nauyin rana 10 ne ɓoyayyen nauyin, da an ga 258. Raba 3 da 258, ka sami kashi 1.2 cikin 100. Ga masu nauyin rana 1,000 ana sa ran 27, 3 a raba da 27 kashi 11. Su ne daidai lambobin da suka bayar. Ranar da na gwada wannan a bayan ambulan ya fito daidai, daɗin da na ji ba kaɗan ba ne.

Ɓangaren ƙanana kuwa madubin Subaru na Japan mai mita 8.2, a kan dutsen Mauna Kea na Hawayi, shi ya rufe shi. Dare ɗaya a 2014 aka kafa wa galaksin Andiromeda ido na wajen sa'a bakwai, ana ɗaukar hoto duk minti biyu. Abu ɗaya tak aka samu mai kama da giftawa. Hiroko Niikura da abokan aikinta suka wallafa a 2019. Amma lura da bakin hagu na wannan labule, domin ya ja da baya daga inda aka fara zana shi. In ramin ya yi ƙanƙanta, ɗan yankin da yake haskakawa bai kai faɗin fuskar tauraron ba, sai ƙarin hasken ya narke. In kuma girmansa ya gaza tsawon igiyar hasken kanta, hasken zai kewaye shi kamar ba ya nan. Wajen giram 10²² zuwa 10²³ wannan hanya ke mutuwa, kuma ƙarin haƙuri ba zai tashe ta ba. Abin tambaya a duk wannan fili shi ne wace siffa aka ɗauka ɓoyayyen nauyin galaksinmu ke da ita, domin adadin da ake sa rai daga nan yake fitowa.

Dama: inda ake yawan gardama

Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar sarari daga haɗuwar ramuka biyu, mai nauyin rana 36 da mai 29. Sun fi nauyin da mutane da yawa suka zata, sai maganar ramukan farko ta farfaɗo. A 2016 Simeon Bird da abokansa suka lissafa sau nawa irin waɗannan za su kama juna a cikin galaksi na yau, adadin ya yi daidai da abin da LIGO ke ji. A shekarar dai Misao Sasaki da nasa abokan suka tuna da wata hanya: tun a farkon zamani ramuka maƙwabta za su ɗaure da juna bibbiyu, kuma waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba. In f ɗaya ne, da LIGO ba ta huta ba. Daga nan aka sami iyakar wajen ɗaya cikin dubu ga masu nauyin rana goma zuwa ɗari. Na'ura ɗaya, awo ɗaya, amsa biyu, bambancin kawai me aka ɗauka game da yadda suke haɗuwa.

Haka labarin yake da tsohon hasken da ya kuɓuta shekara 380,000 bayan farawa. Babban rami na haɗiyar iskar gas, gas ɗin ya yi zafi ya haskaka, hasken ya taɓa atom na wancan zamani ya bar tabo a taswirar Planck. A 2008 Massimo Ricotti da Jeremiah Ostriker da Katherine Mack suka ce wannan ya kore duk abin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin rana. A 2017 Yacine Ali-Haïmoud da Marc Kamionkowski suka sake lissafin, iyakar ta matsa can wajen nauyin rana goma zuwa ɗari. A shekarar kuma Vivian Poulin da abokansa suka ce in gas ɗin faifai yake yi yana juyawa, maimakon ya faɗa ta ko'ina, iyakar ta dawo wajen nauyin rana biyu. Saboda haka in ka ga wannan labule, nemi ƙaramin rubutun da ke ƙasan zanen ka ga wace irin haɗiya aka ɗauka. Mai gaskiya yakan zana layi biyu, ɗaya a haɗe ɗaya ɗigo-ɗigo.

Sauran labulayen dama na ture ne. Manyan ramuka in suna yawo za su riƙa bangazar taurari. Timothy Brandt ya yi amfani a 2016 da wani ɗan tarin taurari a tsakiyar ƙaramin galaksin Eridanus II: da manyan ramuka sun cika wurin, da tuni sun watsa shi, ga shi kuma yana nan a dunƙule. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya yi masa ƙorafi. Abin da ya sa na ɗauki dama a matsayin rufaffe shi ne labule uku ko huɗu ne suka hau kan juna, kuma raunin kowanne daban. Ƙirga yawan labulen da ke kan wuri ya fi duba zurfin guda ɗaya amfani.

Farin wurin, da ranar da aka zana zanen

Tsakanin giram 10¹⁷ da wajen 10²² ne tagar take, wato farin wurin nan. Ramukan wurin sun yi sanyin da ba a ganin feshinsu, sun yi ƙanƙantar da ba sa lanƙwasa hasken tauraro. Ramin nan mai girman atom da muka lissafa a tsakiyarta yake zaune.

Kuskurena na biyu a nan ya faru. Na taɓa shirya bayani da wani zane da na ɗauko ban duba shekararsa ba, tagar duk a shafe da launi, na tsaya gaban mutane na ce an rufe maganar. Wata ɗaliba ta ce ai an cire waɗancan. Gaskiyarta. A 2012 an kafa iyaka a wurin da walƙiyar hasken gama mai zuwa daga nesa, amma a 2018 Andrey Katz da abokansa suka nuna cewa tushen walƙiyar ya fi faɗin da aka ɗauka, iyakar ta rushe. Wata iyakar ta 2013 ta ce taurarin niyutiron, wato matsattsun gawarwakin taurari, za su kama ramukan, ramukan su cinye su daga ciki, amma ta ɗauka akwai ɓoyayyen nauyi jingim a cikin dunƙulallun tarin taurari, abin da ba a nuna ba. Wata ta 2015 ta ce giftawar rami za ta kunna wa fararen taurarin da suka mutu wuta su fashe, Paulo Montero-Camacho da abokansa suka sake duba ta a 2019 ba ta tsaya ba. Launi ba ya nufin har abada. Zanen da ya girmi 2019 tarihi ne. Bradley Kavanagh na tara iyakokin a wata ma'ajiya mai suna PBHbounds a GitHub, can nake fara leƙawa.

In nauyin ba iri ɗaya ba ne fa?

Duk zanen an gina shi ne bisa cewa ramukan nauyinsu ɗaya, abin da ba mai yiwuwa ba ne. Nan dabara ke zuwa wa kowa, ni ma ta zo mini: tunda an yarda da kashi 10 a nan, kashi 10 a can, me zai hana in zuba goma-goma a wuri goma in tashi da ɗari? Ba a nan gizo ke saƙar ba. Madubi ɗaya ne ke kallon duka wuraren, giftawar kuma taruwa take yi. Ƙa'idar da Carr da abokansa suka tsara a 2017 ita ce: ga kowane gwaji, raba kason da ka zuba a kowane nauyi da iyakar wurin, ka tara amsoshin, jimilla kada ta wuce ɗaya. Goma a kan goma ɗaya ne, sau goma ya zama goma, ka wuce ninki goma. Yaɗa nauyi yakan ƙuntata taga ne ma, domin jelar rabon na shiga ƙarƙashin labulen hagu ko na dama.

Kada kuma ka raina ƙaramin f. Ɗaya cikin dubu ba zai warware ɓoyayyen nauyi ba, amma ko ƙasa da haka nesa zai iya zama irin da manyan ramukan tsakiyar galaksi suka tsiro daga gare shi, waɗanda madubin James Webb ke gani sun girma tun da wuri. Kuma Brian Lacki da John Beacom sun nuna a 2010 cewa in sauran ɓoyayyen nauyin ƙwayoyi ne masu hallaka juna in sun haɗu, za su taru a kan kowane rami su yi hasken gama mai yawan da ba a gani ba. Samun ko 'yan kaɗan zai jijjiga wancan hasashen.

Abu na ƙarshe da za ka nema sau da yawa ba ya cikin zanen. Kafin yanki ya rufta, sai cunkosonsa ya ɗara na kewaye da wajen kashi 40 cikin 100, alhali bambancin da ake gani a tsohon hasken ɗaya ne cikin dubu ɗari. Duk abin da ya girgiza farkon zamani har haka dole ya bar amon girgizar sarari, kuma sautin amon na tafiya da nauyin ramukan. Na masu nauyin da ke cikin taga yana faɗawa ne daidai kunnen LISA, na'urar kumbo uku da Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta amince da ita a Janairun 2024, ana shirin harba ta a tsakiyar shekarun 2030. A takardata, a tsakiyar farin wurin, na rubuta sunanta da fensir na sa alamar tambaya, na bar fili a gefe don kwanan wata.